Ni Na Fara Gani

Shagon ɗinkinmu ɗaki ɗaya ne da keke biyu, ni da ƙanwata da muke kira Auta. Shekara sha ɗaya muna zaune kafaɗa da kafaɗa, don haka ni na fara lura. Kullum da safe takan zo riƙe da kai, ta ce ciwon ne ya tashe ta, har da amai. Sai ta fara kuskure kafar allura, wai biyu take gani. Mijinta ya ce gajiya ce. Ranar da almakashi ya suɓuce mata sau uku, na rufe shago na ja ta asibiti. Hoton kai ya nuna ƙari a ƙwaƙwalwa. Aka yi aiki, na yi wata huɗu ina jinyarta, Allah ya tashi kafaɗunta.

Da asibitin ya shirya taron wayar da kai, ita aka kira. Aka manna hotonta a bango, sanye da rigar da na ɗinka. Ta tsaya gaban jama'a tana lissafa alamomin, murya tar. Ta gode wa likita. Ta gode wa mijinta, wai shi ne bangon da ta jingina da shi. Mutumin da ya ce gajiya ce! Ni kuwa ina layi na uku riƙe da jakarta. Na yi tafi sau biyu na daina.

A hanya ta ce, "Yaya, na yi ƙoƙari?"

"Kin yi," na ce, ina kallon titi.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kwana uku ban yi mata hira ba sai maganar zare.

Ranar Laraba, Auta ta je ganin likita, wata malamar makaranta ta kawo gyaran siket. Ina auna ta ta ce mijinta ya canza hali, ga mantuwa, jiya ma ya faɗi yana karkarwa, shi da bai taɓa farfaɗiya ba. Na ajiye ma'auni na ce ta kai shi asibiti yau, ta roƙi a duba kansa.

Ta dube ni sheƙeƙe. "Bari dai wadda aka manna hotonta a asibiti ta dawo, ita ta sani."

Zuciyata ta ce in bar ta da mai hoton. Na cije, na kira Auta na miƙa mata wayar. Abin da na faɗa shi Auta ta maimaita, matar na ta "to, to, Allah ya saka". Da ta miƙo wayar na ji Auta na cewa, "Yaya, ki raka ta mana, ke kika san ƙofofin wurin."

Na ɗauki mayafina, muka biya muka ɗauki mijin. Har muka isa asibitin malamar ba ta daina yabon Auta ba, ni ce dai na samo wa mijin kujera a layin likita.