Ɗumin Jikin Amarya

Fankar injin ƙyanƙyasa ta yi tsit, 'yar jar fitilarsa ta mutu. An ɗauke wuta.

Amarya ta saki tsintsiya. Shekaru sun ja da bikinta, amma tunda babu ɗan da za a kira ta uwarsa, sai unguwa ta bar ta da wannan suna. Injin kuwa ɗan akwatin roba ne da ta saya na hannu, ta ajiye a bayan ƙofa. Sabon shiga ce, iyakar saninta abin da mai sayarwa ya gaya mata: ta riƙa juya ƙwan, ta zuba ruwa a faranti, kada ta yarda sanyi ya taɓa su. Jiya ta haska su da tocilan, ta ga jajayen jijiyoyi, ta ga abu yana motsi a ciki. Sai da ta zauna a ƙasa don daɗi.

Matan gidan hayar dai sun gama yanke hukunci. Matar tela ce ta faɗa a bakin famfo, ko rage murya ba ta yi ba: "Hannun juya ai ko ƙwai ya taɓa sai ya yi baragurbi."

Amarya ta jira, wuta shiru. Da ta ji akwatin ya fara hucewa, sai ta jera ƙwan cikin tsohon gyale, ta naɗe, ta ɗaura a cikinta, fata da fata, ta rufa da zani. Tafiya ta koma a hankali, hannu ɗaya tallafe da mara.

* * *

A haka surukarta ta yi sallama. Inna ba ta zuwa sai da ƙullin maganin haihuwa da baƙar magana. Yau ta tsaya turus a bakin ƙofa, idonta a kan zanin.

"Kada ki durƙusa, 'yar nan! Zauna. Ikon Allah! Shi ne kuka ɓoye mini?"

Amarya ta zauna. Tsohuwa ta kara mata matashi a baya, ta ƙarasa sharar, ta wanke kwanuka, ta aika aka sayo lemo, ta zauna tana ɓare mata da hannunta.

"Me kike marmari? Faɗi, ko mene ne."

Ashe haka ake ji. Ashe akwai wannan taushi a muryar Inna, ajiye shi kawai aka yi. Daɗi ya kama Amarya, haushi kuma ya biyo shi, har idonta ya ciko.

Sai fanka ta tashi, jar fitila ta kama.

Tana iya yin shiru ta ƙarasa shan gatanta har yamma. Amma ɗumin mutum bai kai na inji ba, kuma akwai rai a jikinta da ke jira. Ta miƙe, ta kwance gyalen a gaban tsohuwa, ta mayar da ƙwan ɗaya bayan ɗaya, kanta a sama.

"Ƙwai ne, Inna. Nawa ne."

Inna ta ajiye lemon da ba ta gama ɓarewa ba, ta nemi takalmanta.

* * *

Da safiyar wata Laraba ƙwai na farko ya tsage. Ɗan baki ya leƙo, ya huta, ya sake bugawa. Amarya ta danne hannunta a cinya, don an gargaɗe ta kada ta taya su fasawa. Kafin la'asar kwali ya cika da 'yan tsaki, kukansu har tsakar gida. Biyu kawai suka ƙi.

Matan gida suka cika ƙofa, masu cewa baragurbi su ne a gaba wajen leƙe.

"Kai, Amarya, hannunki da albarka!" in ji matar tela. "In na kawo ƙwaina, kya sa mini?"

"Kawo mana," ta ce, ta bar murmushinta ya yi faɗi yadda yake so.

Hular jaririn da ke bayan matar tela ta zame ta rufe masa ido. Amarya ta miƙa hannu za ta gyara. Matar ta ɗan juya kafaɗa, ta kai goyon can gefe, tana ci gaba da yabon kaji.

Amarya ta sauke hannun cikin kwali. Wani ɗan tsako ya hau tafinta, ya gyara kwanciya, ya lumshe ido.