Yashin Bukuru a Gaban Kwamiti

Shekara talatin ina wankin kuza a Bukuru, ban san jan yashin da muke warewa gefe yana da suna ba sai bara. Dakta Loyis, masaniyar ma'adinai da ke zuwa wurinmu da wata na'ura mai kuka kamar gyare, ita ta gaya mana akwai yuraniyom a cikinsa, abin da ake sarrafawa ya zama makamashin nukiliya. Mu dai abin da muka sani, dillalai ne ke kwashe shi, ba mu taɓa tambayar inda suke kai shi ba.

Sai aka ce wata cibiyar bincike tana son irin yashin nan duk wata, kuma wani kwamiti zai zauna a Jos ya yanke ko na gida za a saya ko na waje. Mai filin da muke wanki bai ɓoye mana komai ba. In cinikin ya wuce mu, gidan bulo zai mayar da wurin, mu arba'in da biyu kowa ta kama gabanta. Gaskiya na ji tsoro.

Ranar zaman na raka shugabarmu Jummare. Ta ƙi barin ƙwaryarta a gida, har na yi mata tsiya a mota cewa ba fura aka kira mu damawa ba.

Oga Hyginus, ɗan kwangilar da ke son shigo da na waje, ya zo da farin buhu mai rubutun Turanci da hatimi har uku. Ya daɗe yana bayani. Daga ƙarshe ya nuna mu da biro.

"Mama yana ƙoƙari, amma kayansu datti ne. Wannan inji ya wanke shi a Turai."

Jummare ta dubi shugaban kwamitin.

"Ranka ya daɗe, ni ban yi boko ba. A ba ni ruwa da tafi biyu na yashinsa, in gaisa da shi."

Aka yi dariya, amma aka kawo bokiti. Ta durƙusa a kan kafet ɗin mutane, ta zuba yashin a ƙwarya, ta shiga juyawa a hankali yadda muke yi a bakin kududdufi. Can sai wasu 'yan abubuwa farare suka taso saman ruwan. Ta lakato da yatsa ta miƙa wa Dakta Loyis, wadda ke cikin 'yan kwamitin.

"Dakta, ke 'yar Filato ce. Mene ne wannan?"

Dakta ta gyara tabarau, ta murza shi. "Ƙaiƙayin acca ne, Mama."

Nan na gane, har sai da na dafe ƙirji. Mu tamfol ɗaya gare mu. In kaka ta yi, a kansa muke sussukar acca, a kansa kuma muke shanya yashi, kuma duk kakkaɓar duniya ba ta fitar da ƙaiƙayin acca. Dakta ta sha yi mana faɗa a kan wannan ɗabi'a, ta ce yashin na da illa ga abinci, muna cewa to.

"Ranka ya daɗe," in ji Jummare, "a wace Turai ake noman acca? Yashinmu ne ya je yawon duniya ya dawo da sabuwar riga."

Oga Hyginus ya ce shi ma haka aka sayar masa, kuma na yarda da shi, don yadda ya zura wa buhun ido ya isa shaida.

Kafin la'asar kwamiti ya yanke: na gida za a fara saye, ba za a shigo da na waje ba sai namu ya kasa. Sharaɗi ɗaya Dakta ta sa, tamfol ɗin abinci daban, na yashi daban.

A motar komawa Jummare ta kira mai filin ta saka murya a fili, fasinjoji na ji.

"Alhaji, ka nemi wani wurin bulonka. Gobe da safe mu arba'in da biyu muna bakin ruwa."