Dutsen Taimamar Goggo Laure

Da sunan Allah Mai rahama, wanda Ya sanya ƙasa abin tsarki ga wanda ruwa ya gagara. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Maƙwabciyata a Birnin Kabi, Goggo Laure, makauniya ce, sanyin ƙashi kuma ya hana ta taɓa ruwa. Shekara huɗu tana taimama da wani faffaɗan dutse mai santsi da ta lalubo a ɗakin ɗanta Labbo. Shi Labbo gwamnatin Sakkwato ta taɓa tura shi Masar koyon noman rani, daga baya aka kai shi aiki Argungu.

Ran da ya zo gaishe ta ya ga dutsen kusa da buzunta, ya juya shi, sai ya sheƙo zaurena da shi.

"Malam, tsarabar kasuwar Masar ce. Kwaikwayon allunan Fir'aunoni ne."

Na duba. An sassaƙa sarki a durƙushe, tulu biyu a hannuwansa, yana miƙa wa wani mai jikin mutum da kan shaho.

Muka koma gidan da dutsen, na iske Goggo tana kuka, ya riga ya gaya mata.

"Malam, sallata ta shekara huɗu, ga gunki na kai ta?"

"Kin san da shi, Goggo?"

"Da wane ido? Wanga yaro ya tafi ƙasar Annabi Musa, ya rasa abin kawo mini sai Fir'auna!"

Na ce mata niyya ba ta zuwa inda zuciya ba ta aike ta ba. Amma wani abu daban ya dame ni. A littattafanmu, abin da aka gasa da wuta ya bar asalinsa ba a taimama da shi, 'yan kasuwa kuwa sukan zuba irin waɗannan da farar ƙasa dafaffiya. In zubi ne, akwai maganar ramuwar salla, ga tsohuwar da ko zama sai an tallafe ta.

Na aika aka kira Maigandi mai sassaƙar dutsen niƙa. Ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne, ya lasa. Sannan ya sa guduma ya ɓalle kusurwa, ya daɗe yana kallon cikin.

"Malam, wanga hannun Allah ne, ba zubi ba. Ga jijiyarsa nan."

Goggo ta yi hamdala, ta ce a miƙo mata. Ta bi sassaƙar da yatsa har ta kai tulunan.

"Ashe shi ma roƙo yake," in ji ta. "Sarki guda, ga mulki ga dukiya, bai san ƙofa ba."

Ta tambaye ni ko la'asar ta yi. Na ce ta yi. Ta ce Labbo ya ɗebo mata yashi a faranti.

Allah Ya jiƙan Goggo Laure da magabatanmu, Ya karɓi ibadarsu. Mai karatu kuma, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.