Baƙin Mai a Kududdufi

Kailani bakanike ya tsunduma cikin kududdufin bayan layinsu har gwiwa, yana watsa garin katako a kan ruwa. Ruwan ya yi baƙi ƙirin, sai ƙyalli yake. A bakin gaɓa an jera agwagin Inna Ishatu, gashinsu ya manne da mai, ko ɗaya ba ta motsi.

"A bar garin ya sha man tukuna, sannan a kwashe," in ji Madam Felicia dubagari daga kan tudu. "Ƙasar gefen nan kuma a cakuɗa ta da kashin kaji. Ƙwayoyin halittar da ke ciki su za su cinye sauran, amma fa abin na wata da watanni ne."

Kowa ya ce to. Kailani bai ɗago kai ba.

Shi ne fa ya zuba. Shekaranjiya da sassafe, yana dawowa daga asibiti inda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da 'yarsa Jannatu, ya ɗauko baƙin man da yake tsiyayewa daga injin motoci ya juye a kududdufin. Haka ya taso ya ga ana yi wa masai, sauro ya mutu. Wallahi taimako ya yi niyya. Sai aka tafka ruwan sama, man ya bazu ko'ina, har lambun alayyafon mutane bai tsira ba.

Unguwa kuwa tuni ta samu mai laifi, wato Salmanu mai wankin mota, wanda rumfarsa ke bakin ruwan. Mai unguwa ya ce kafin la'asar ya tattara ya bar wurin. Bawan Allah, ga mata ga 'ya'ya, ya shiga kwance rumfa.

Inna Ishatu ta miƙo wa Kailani kofin kunu. "Sannu, ɗan albarka. Tun safe kake cikin ƙazantar nan kamar agwaginka ne suka mutu. Ina ma kowa irinka ne!"

Kunya ta rufe shi, ya ji kamar ya nutse a wurin. Ya mayar mata da kofin. Ya fito daga ruwan, wandonsa na ɗiga, ya nufi rumfar.

"Salmanu, dakata. Kar ka kwance."

"Mai unguwa ya riga ya yi magana, Malam Kailani."

"Ai ba kai ba ne. Man nan…"

"Na sani," in ji Salmanu, yana naɗe igiya. "Ina share rumfa lokacin. Na gan ka da jarka."

"Ka gan ni? Shi ne ka yi shiru ana zaginka?"

"To me zan ce? Yarinya na kwance a asibiti, in tara maka jama'a?" Ya dube shi. "Ya jikin nata?"

Kailani ya karɓe igiyar daga hannun Salmanu, ya mayar da ita jikin dirka ya ɗaure tamau. Sannan ya juya wajen inda mai unguwa ke zaune cikin mutane, ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ina da magana."