Gayaunar Harshe a Zauren Malam Muntaka

A shekarar da Faransawa suka fara kwasar mutane aikin hanyar Damagaram, Malam Muntaka yana fassara wata tsohuwar waƙa a zaurensa na Matamaye. Bayan la'asar ne, dattawan unguwa sun cika tabarmi, har da Shekara marini.

Baitin ranar cewa yake harshen mutum gayaunarsa ce. Malam ya warware shi dalla-dalla: mawaƙin bai ce gandu ba, don gandu na gida ne duka, ita kuwa gayauna ta mutum ɗaya ce, abin da ya ga dama shi yake shukawa.

"Gaskiya ne, Malam," suka amsa baki ɗaya, kamar yadda suke yi tun baitin farko.

Amsar nan ta ishi Malam. Sai ya gyara zama, ya juya maganar da gangan. Ya ce ai nufin mawaƙin shi ne talaka ya miƙa wa Kumandan harshensa, Kumandan ya shuka masa abin da yake so.

"Gaskiya ne, Malam."

Har da Shekara, wanda aka tafi da ƙanensa a igiya ranar kasuwa. Shi ya fi kowa gyaɗa kai.

Malam ya tattara takardun, ya mayar cikin gafaka, bai dubi kowa ba.

"Gobe ku turo mutum ɗaya," ya ce. "Tunda bakin ɗaya ne, in huta da shimfiɗa tabarmi."