Sanyin Ɗakin Saba

Ƙanena Fataw, in ka gan shi a bayan shagona na unguwar Asawase a Kumasi ya tasa laftof gaba, sai ka rantse zaman banza yake. Ni ma haka nake gaya masa kullum. Alhali daga nan yake kula da saba, injin da ke raba wa 'yan unguwarmu intanet can garinmu Walewale, a wani ɗaki cikin gidan Baba. Yana Kumasi zai kashe ta, ya kunna, ya duba zafinta. Ɗakin kaɗai ke da esi, na'urar sanyaya ɗaki, da batirin sola a gidan, shi ya sa ya hana kowa shiga. Makulli ɗaya ne, Baba ya ɗaure shi a carbinsa, ko Inna ba ta isa ta leƙa ba.

Makon nan kuwa Baba na kwance da ciwon ƙirji.

Bayan azahar ina auna wa wata mata yadi, Fataw ya kira ni da wata murya da ban so ba.

"Yaya, zo ki gani."

"Ba ka ga ina da kwastoma ba?"

"An buɗe ɗakin."

Na yar da almakashi na je. Ya nuna mini lambar zafin ɗakin a allo, tana sauka a hankali.

"Wani ya mayar da esi can ƙarshen sanyi. An kuma zare wa saba wayar wuta ɗaya, kamar an ja sabar gefe."

"To Baba ne, zafi ya ishe shi."

"Baba ba ya iya tashi, Yaya. Kuma ba ya ba kowa carbinsa."

Ya kira Inna, ba ta ɗauka ba. Ya kira Kawu Moro, waya ta yi ta ƙara. Rafi'atu autarmu, da ko wanka za ta sai da wayarta, tata a kashe. Tsoro ya kama ni. A gidanmu ba a gaya wa ɗa labarin rasuwa ta waya, dattijo ake turowa da ƙafarsa. In kuma za a jira 'ya'yan da ke nesa, wuri mafi sanyi ake nema a kwantar da mutum.

"Sake gwada Inna," na ce.

Bai gwada ba. Ya rufe laftof, yana kallon bayana.

Malam Musah ne, abokin Baba tun yarinta da ke zaune nan Kumasi, tsaye bakin shago cikin farar riga. Mutumin da gwiwa ta hana shi zuwa ko masallacin Juma'a. Ya yi sallama, ya cire takalminsa.

"Rakiatu, sallami baƙuwarki," ya ce. "Ku zo ku zauna, ke da ƙanenki."