Sauro a Ƙugun Doki

Da gwiwar hannu na banke tagar rumfar aikin Helmer, don ta daɗe ba a buɗe ta ba.

"Rufe, Birger! Fentin bai bushe ba!"

"Kai ma ba ka bushe ba tukuna. Shaƙi iska."

Helmer maƙwabcina ne. Tun muna samari nake sassaƙa dawakin katako, shi yana yi musu fenti. Duk ƙauyenmu na bakin tafkin Siljan babu mai hannunsa: launi biyu yake ɗebowa a buroshi ɗaya, ya murza, fure ya fito a sirdi. Amma ba ya aiki sai ƙofa da taga a rufe, kada ƙura ta sauka a kan ɗanyen fenti. Warin ya cinye masa ƙirji. Likita ya hana shi aikin. Takunkumin rufe hanci da 'yarsa Majken ta sayo masa yana rataye a ƙusa, ya cika shi da burosai.

Doki ɗaya ya rage masa, na jikan da Majken ke ɗauke da cikinsa. Ya tsoma shi a jan fenti, saura ado. Ya ce sai ya gama kafin a kai shi asibiti. Ni na ce zai gama, amma taga a buɗe.

Muna cikin haka sauro ya shigo daga tafki, ya sauka a ƙugun dokin, ya maƙale.

Helmer ya daɗe yana kallo. Tari ya sarƙe shi har ya dafa tebur.

"Ka gani, sarkin taurin kai? Shekara nawa ban taɓa fitar da doki da tabo ba."

"A kankare, a sake tsomawa."

"Sai ya yi mako yana bushewa. Kai za ka ara mini makon?"

Na miƙa hannu zan rufe tagar.

"Bar ta," ya ce. "Ɓarnar ta riga ta faru. Zuba mana kofi."

Ya cije dunƙulen sukari a haƙori, ya kurɓi kofin, ya ɗauki buroshi. Ya yi aiki har la'asar, iska na kaɗa labule. Da na tashi tafiya ya ce, "Ashe haka ciyawa ke ƙamshi."

Washegari motar asibiti ta ɗauke shi. Bai dawo ba.

Bayan jana'iza Majken ta kira ni rumfar.

"Kawu Birger, dubi nan. Ban taɓa ganin Baba ya sa fure a ƙugu ba."

Na karɓi dokin na duba. Farin fure ne mai shuɗin baki, sauron yana tsakiya, fikafikansa a buɗe ƙarƙashin ƙyallin fenti.

Ta karɓe shi ta ɗora a bakin taga. Babu wanda ya rufe ta.